Soyayyar Da Ta Tsiro Daga Sabo: Nasiha Ga Ƙannena Makaranta Littafi

Ƙannena 'yan mata da samari, na Jibiya da Magama da sauran garuruwan bakin iyaka, yau maganata a kan littafin nan ce da ke hana ku barci. Kun san wanda nake nufi ko ban kama suna ba, domin irinsa ba ɗaya ba ne. Shi ne wanda yarinya da yaro suka tashi tare, a gida ɗaya ko unguwa ɗaya ko aji ɗaya, tana ce masa Yaya yana ce mata ƙanwata. Su yi faɗa su shirya, su yi gaba su dawo. Kowa a unguwa ya gane abin da ke tsakaninsu in ban da su biyun, har ranar da wani ya aiko neman aurenta, sai ga Yaya ya kasa cin abinci. Da yawanku kun karanta irinsa kun maimaita. Wasu sun zubar masa da hawaye, wasu kuma da Inna ta ɗaga labule sai su tura waya ƙarƙashin matashi. Ban zo raba ku da shi ba. So nake mu zauna mu yi masa tankaɗe da rairaya, domin akwai gaskiya mai nauyi a cikinsa, akwai kuma abin da ba ya faɗa muku.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama da rana tsaka ya san yadda jira yake. Tireloli a jere direbobi na jiran kwastan su gama duba takardu, 'yan canji na kaɗa damin naira da sefa, 'yan acaɓa na kiran fasinja. A gefen hanya ga yarinya mai awara, hannunta na juya ta a kasko, igiyar sauraro kuwa ta bi ta ƙarƙashin hijabi ta shige kunne ɗaya. Gilashin wayarta ya tsage, ta ɗaure ta da kyauro, mai shagon caji ne ya tura mata littafin a memori. Direba ya ƙwala mata kira, "Ke mai awara, zuba mini da yaji," sai ta danna ta tsayar da labarin, ta zuba, ta karɓi kuɗi, ta ce "Allah Ya kiyaye hanya," ta koma daidai inda ta tsaya. A daidai wannan lokaci, can Ɗan Isa ko Maraɗi, wata 'yar goggonta da ta yi makarantar Faransanci tana sauraron labarin nan dai, domin harshen ɗaya ne kuma zuciyar ɗaya ce. Da ku duka nake magana.

Ba a kanku farau ba

Ku fara da cire kunya. Tun a shekarun 1930, sa'ad da aka buga littattafan zube na farko da Hausar boko, akwai na soyayya a cikinsu. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East labarin Abubakar ne da Zainabu, waɗanda suka shaƙu tun suna yara kafin mai dukiya ya shiga tsakaninsu. A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, inda Bafulatana Boɗaɗo ta tsaya kai da fata a kan wanda take so ko da yake ba daga cikin danginta ya fito ba. Bayan nan ƙofa ta buɗe. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, iyayenku mata da yawa sun san Sumayya da Muhammad kamar 'yan unguwarsu. Daga nan jiharmu, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta rubuta Allura Cikin Ruwa.

Ba a bar su sun wataya ba. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin yawancinsu ba su kai a kira su adabi mai ɗorewa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu. A 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a Kano. Duk da haka ba su mutu ba. Sun tashi daga rumfunan 'yan littafi da shagunan haya sun koma Wattpad da zaurukan WhatsApp da tashoshin YouTube. Abin da ya sha wuta bai mutu ba, lalle akwai ƙishin da yake kashewa. Mata da yawa a ƙasar Hausa da waɗannan littattafai suka ƙware a karatun boko bayan an cire su daga makaranta. Saboda haka wanda ya ce muku karatun soyayya duk shirme ne bai yi adalci ba. Amma wanda ya ce muku duk abin da aka rubuta darasi ne, shi ma bai faɗa muku gaskiya ba.

Me ya sa jarumar ta shiga ranki?

Ƙanwata, jarumai iri biyu ne a littattafan nan. Akwai wadda aka ce fara ce sol, gashi har gadon baya, mahaifinta na da gida a Dubai, ba ta taɓa tambayar kuɗin abu ba. Irin wannan kallonta kike yi daga nesa. Akwai kuma wadda ke ƙirga kuɗin mota kafin ta fita, wadda ta zauna jarabawa sakamako bai yi kyau ba ta sake zama, wadda ke wanke ƙannenta kafin ta tafi Islamiyya, mai saurin fushi da saurin nadama, wadda in an yi taron biki takan ji kamar kayan kowa sun fi nata. Wannan ita ce ta hana ki barci, domin kanki kika gani. Kin ji daɗi da aka nuna cewa yarinya irinki ta isa a so ta a yadda take, kuma wanda ya so ta ya san ta tun tana yawo da kitson da ya tsufa. Wannan jin daɗi halal ɗinki ne, kada kowa ya raina miki shi.

Sai dai ina so ki yi wa jarumar taki gwaji ɗaya. Ki cire saurayin daga labarin gaba ɗaya, ki duba me ya rage mata. In babu abin da ya rage sai kuka da kwanciya da ƙin cin abinci, to marubuciyar ta rage mata daraja, kuma bai kamata ki ɗauke ta abin koyi ba. Ki dubi yadda Balaraba ta gina nata matan. Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila? an cire ta daga makaranta an aurar da ita ga dattijo, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne miji ya kore ta da 'ya'ya tara, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Littafin nan na Rabi har fassara shi aka yi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, domin mace mai tsayawa da ƙafafunta ko'ina a duniya ana gane ta. Jarumar da ta cancanci ƙaunarki ita ce wadda ke da karatu ko sana'a, da ibada, da ra'ayin kanta, sannan soyayya ta zo ta same ta a kan hanya.

Inda labarin ya yi gaskiya

Gaskiyar da ke cikin irin wannan labari ita ce sabo yana tona hali. Saurayin da ya zo zance da shirinsa ya zo. Ya yi wanka, ya fesa turare, wataƙila hular ma aro ce, kalaman bakinsa kuma ya tsara su tun daga gida. Awa guda a ƙofar gida ba ta isa ki san mutum ba. Amma wanda kuka tashi tare kin gan shi ranar da ba shi da ko sisi. Kin ji yadda yake amsa kiran mahaifiyarsa in ta aike shi yana tsakiyar kallon ƙwallo. Kin ga abin da yake yi in almajiri ya yi sallama, kin san ko yana biyan bashi, kin san ko ana ganinsa a sahun asuba. Waɗannan su ne abubuwan da za a zauna da su bayan an watse daga biki. Hali zanen dutse ne, kuma maƙwabci ya fi baƙo sanin zanen.

Ba mu muka fara lura da haka ba. Uwar muminai Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, sai da ta ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dukiyarta ya kai Sham, ta ji shaidar amanarsa daga bakin yaronta Maisara, sannan ta aika da maganar aure. Sanin hali ne ya riga. Ibn Hazm, babban malamin Andalus da ya rasu a 1064, ya rubuta littafi sukutum a kan soyayya mai suna Ɗauƙul Hamama, a ciki ya nuna bai gamsu da son da ke shiga daga kallo ɗaya ba, ya fi amincewa da wanda ya ginu bayan doguwar cuɗanya. A Ingila, Jane Austen ta fitar da Emma a 1815, kuma mutumin da Emma ta ƙare da aurensa shi ne tsohon aminin gidansu, wanda shi kaɗai ke iya duban idonta ya ce ta yi kuskure. A zamanin nan ma, wani bincike da Danu Stinson ta Jami'ar Victoria da ke Kanada ta jagoranta, aka buga a 2021, ya tambayi mutane kusan 1,900 a Kanada da Amurka, kashi 68 cikin 100 suka ce da abota tasu soyayyar ta fara. Al'adarsu daban, tamu daban, amma darasin ya tsallako har nan: zuciya ta fi samun natsuwa da wanda ta sani.

To, wannan ki riƙe shi da hannu biyu. Idan littafi ya koya miki fifita hali a kan mota, ya biya ki kuɗin datar da kika kashe.

Abin da marubuciya ba ta faɗa miki ba

Marubuciya tana riƙe da ƙarshen labari tun kafin ta rubuta shafin farko. Shi ya sa jarumarta za ta iya yin shiru shekara da shekaru, ta kori duk wanda ya zo, ta yi ta haɗiye abin da ke ranta, domin akwai mai alƙalami da ta yi alkawarin haɗa su. Ke ba wanda ya yi miki wannan alkawari. Ku tuna fim ɗin Indiyan nan na 1998, Kuch Kuch Hota Hai, wanda kusan kowane gida an kalla. Anjali ta so amininta Rahul ta yi shiru, ya auri wata. Kafin mai labarin ya iya gyara wannan shirun sai da matar Rahul ta rasu, aka yi shekara takwas, sannan aka bar wani bawan Allah a tsaye ranar ɗaurin aurensa. Dubi yawan ɓarnar da aka yi kafin a samu ƙarshe mai daɗi. A rayuwa ba a shirya wa kowa irin wannan.

A rayuwa ga abin da ya fi faruwa. Yarinya ta shaƙu da wani, sunan abin "Yaya da ƙanwa" ko "besti." Kullum suna waya, shi ke fara jin damuwarta, ita ke tuna masa ya ci abinci. Manema na zuwa tana sallamarsu, domin a ranta ta riga ta rubuta babin ƙarshe. Shi kuwa bai taɓa cewa komai ba, kuma rashin faɗar ya yi masa daɗi, tunda yana samun kulawar budurwa ba tare da nauyin saurayi ba. Wata rana sai ya turo mata katin biki ya ce, "Ƙanwata, ke ce fa babbar ƙawar amarya." Ba ta da bakin ƙorafi, don ba a taɓa yi mata alkawari ba. Son maso wani ƙoshin wahala, in ji Hausawa, kuma mafi cin rai shi ne wanda aka yi a ɓoye.

Ku 'yan bakin iyaka kun fi kowa sanin bambancin kayan da suka bi ta ƙofa da waɗanda suka bi ɓarauniyar hanya. Na ƙofa akwai jira, akwai tambayoyi, akwai biyan abin da ya wajaba, amma mai su yana da takarda a hannu. Na daji sun fi sauri, sai dai ranar da aka tare su babu inda mai su zai kai kuka. Haka soyayya take. Wadda aka ɓoye a rigar abota ba ta da shaida. Ƙofarta kuwa sananniya ce: iyaye da magabata.

Saboda haka, ƙanwata, ranar da kika lura zuciyarki ta sauya, ranar da sunan wata a bakinsa ya fara ƙona miki rai, kada ki ce sai ya gane da kansa. Ki samu babbar da kika amince da ita, yayarki ko goggonki ko matar kawunki, ki faɗa mata. Manya sun san yadda ake jin ta bakin mutum ba tare da an zubar da mutuncin yarinya ba. In kuma maganar ta taso tsakaninku, kalmomi kaɗan sun isa: "Yaya, ni zaman da ba shi da suna ba na so. In da magana a ranka, ka samu Kawu. In babu, mu tsaya a gaisuwa." Wannan ba rashin kunya ba ne, kare kai ne. In ya ce yana so, ya turo. In ya kama kame-kame, kin samu amsarki. In ya ce shi ƙanwa ya ɗauke ki, za ki ji zafi, ki yi kukanki, amma kin tsira da shekarunki. Sannan ki ja baya da gaske, domin ciwo ba ya warkewa ana fama shi kullum.

Kada kuma sunan "Yaya" ya ruɗe ki. Ɗan kawu da ɗan goggo da ɗan maƙwabta ba muharramanki ba ne, shari'a ta halatta aure tsakaninku, don haka ta hana keɓewa tsakaninku. Hirar ƙarfe ɗayan dare a waya ma wani nau'in keɓewa ne, ko da kowa na ɗakinsa. Hoton da ba za ki so Baba ya gani ba, kada ya bar wayarki, komai amincin da kike ganin yana tsakaninku. Abota takan lalace, hoto kuwa ba ya gogewa daga hannun da ya shiga.

Kai kuma ƙanena

Na san ku ma kuna karantawa, ko kuna saurare a wurin aiki. Ka ji tsoron Allah a kan yarinyar da ta amince da kai. Kada ka riƙe ta da "ƙanwata" alhali kana ganin yadda fuskarta ke sauyawa in ka shigo, labarin zuciya ai a tambayi fuska. Kada ka riƙa kushe duk wanda ya zo wurinta kai kuma ba ka shirya ba. In kana so, ka faɗa, ka nemi sana'a, ka tura manya. In ba ka so, ka rage kiran, ka bar ta ta ga gabanta.

Akwai kuma ɗaya gefen. Ka saya mata data, ka kai ta Katsina zana jarabawa, ka tsaya mata ranar da mahaifinta ba lafiya. Allah Ya ba ka lada. Amma alheri ba bashi ba ne da za a biya da aure. In ka furta ta ce ita wa ta ɗauke ka, ka karɓa da mutunci. Kada ka tona sirrin da ta ba ka ajiya, kada ka ɓata mata suna a majalisa. A nan ake gane wanda ya yi abota don Allah da wanda ya ɗana tarko.

Zumunci, iyaka da gwajin jini

A yankinmu labarin "Yaya da ƙanwa" yakan zama na 'yan'uwa ne na jini. Katsina da Maraɗi tushe ɗaya ne. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sarakunan Katsina na dauri suka yi arewa suka kafa mulki a Maraɗi, har yau kuwa Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can. Layin da Ingila da Faransa suka ja daga baya bai raba dangi ba. Yaro ya je hutu gidan goggonsa a Madarumfa, yarinya ta zo biki Jibiya ta yi wata guda, shaƙuwa ta shiga. Abu ne mai kyau in an bi shi da hankali, kuma abu uku nake so ku lura da su.

Na farko, shekarun nan sun gwada mu. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da tamu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta ba da umarnin buɗewa. Alaƙar da ba ta da mazauni sai cikin waya, da sabis ya ɗauke ita ma ta ɗauke. Wadda iyaye suka san da ita kuwa, saƙo bai rasa mai kai shi ba, ko direba ko ɗan'uwa mai zuwa ta'aziyya. Abin da manya suka sani ya fi jure wuya.

Na biyu, kafin zuciya ta yi nisa a je a yi gwajin sikila. In namiji AS ne mace ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, kuma 'yan'uwan jini sun fi yiwuwar ɗaukar abu iri ɗaya. Jihar Kano ma a 2024 ta mayar da gwaji kafin aure doka. Littafi yakan tsaya a daren biki. Ba ya kai ki gadon asibiti inda uwa ke riƙe da yaron da ƙasusuwansa ke masa zugi tsakar dare. Ku yi gwajin tun ana iya haƙura.

Na uku, sabo ba yarda ba ne. Wani lokaci iyaye kan ce, "Ai sun saba tun suna yara," su yanke magana ba a tambayi yarinya ba. Addini bai yarda da haka ba. Khansa'u bint Khizam ta kai ƙara wurin Manzon Allah a kan auren da mahaifinta ya ɗaura mata ba ta so, aka warware shi. In ke ɗan'uwa kawai kika ɗauke shi, ki faɗa da ladabi tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Auren zumuncin da aka yi bisa dole, in ya lalace, gida biyu yake rabawa.

Yadda za ku yi karatun

Ba kowane littafi ya cancanci idonku ba. Wanda aka cika da batsa don a ja masu biya, ku rufe shi, domin abin da ido ya saba da shi zuciya takan nema. Wanda jaruminsa ke marin yarinya, ya kulle ta a ɗaki, ya wulaƙanta ta, sannan a ce wai tsananin so ne da kishi, ku gane guba ce aka zuba a zuma. Namijin da ya mare ki kafin aure ba zai zama mala'ika a babi na talatin ba. Abin da ya sa labarin abota ya fi waɗannan daraja shi ne jaruminsa mai tausayi ne, mai saurare, mai neman afuwa in ya yi laifi. To, ku nemi haka a littafi, ku nemi haka a rayuwa.

Ku ba karatu lokacinsa. Kada littafi ya ci sallar asuba, kada ya ci hadda, kada ya ci jarabawa. In kuma littafin kuɗi ne, ku biya marubuciyar haƙƙinta. Da yawansu matan aure ne da 'yan makaranta da ke bugawa da ɗan yatsa a waya bayan yara sun yi barci. Tura wahalarsu kyauta zaure zuwa zaure cin haƙƙi ne, ko da kowa na yi. Sannan ku faɗaɗa. Wanda ya iya cinye littafi mai babi sittin a mako guda zai iya karanta tarihin Katsina, da sirar Manzon Allah, da Magana Jari Ce.

Daga ƙarshe ina da roƙo. Yawancin labaran da kuke karantawa a Kano da Abuja da ƙasashen waje suke faruwa, alhali labari na nan birjik a gabanku. Ga yarinyar da rashin tsaro ya taso iyayenta daga ƙauye ta zo cikin gari ta fara rayuwa daga farko. Ga ɗan kamasho a tasha da ke tara kuɗin sadaki, rufe iyaka ya cinye jarin. Ga amaryar da aka kai Maraɗi tana koyon lissafi da sefa. Wa zai rubuta su in ba ku ba? Abubakar Imam yana malami a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Anti Bilki, wato Bilkisu mai Allura Cikin Ruwa, daga Funtuwa ta fito. Sashen Hausa na BBC tun 2016 yake gudanar da gasar Hikayata domin mata marubuta. Wayar da kuke karatu da ita, da ita ake rubutu.

Ƙannena, ku ci gaba da son littafinku, ku so jarumar da ta yi kama da ku. Ku ɗauki darasin sanin hali kafin miƙa zuciya, ku bar wa littafi dogon shiru da jiran tsammani. Wanda zuciyarsa ta sauya a kan aminiyarsa ya tura magabata, wadda tata ta sauya ta samu babba ta faɗa mata, a yi gwaji, a yi istihara, a bi ta ƙofa. Allah Ya haɗa kowannenku da abokin zama na gari, Ya zaunar da yankinmu lafiya.